BAJARI MAI ƘAMUS: Tarihin Baturen Da Ya Yi Shekara 13 Yana Auna Kalmomi

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan magana ta tabbata ga mutane, ta kuma tabbata ga kalmomi. Duk wanda ya taɓa zama a teburin akawu, ko ya tsaya gaban allo da alli a hannu, ya san akwai waɗansu kalmomin Turanci masu tafiya biyu-biyu kamar Hasan da Husaini, amma ma'anarsu ta yi hannun riga, ɗaya ta nufi gabas ɗaya ta nufi yamma. In akawu ya ɗauki wannan a maimakon waccan, ya juya maganar ke nan ɗungum. Wanda ya ba da rance sai ya koma shi ne ya ci bashi, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara, abin da aka yarda a yi ya koma abin da aka hana. Takarda kuwa ba ta da baki balle ta ce ba haka ake nufi ba. Abin da aka rubuta shi za a karanta, ko bayan shekara goma.

Yau za mu ba da tarihin wani mutum wanda ya sha irin wannan wahala, amma shi ta ɗaya gefen ya ɓullo mata. Mu Hausawa ne masu fama da Turanci, shi kuwa Bature ne da ya yi fama da Hausa, har ya ci nasara, ya bar mana littafin da har gobe masana ke buɗewa. Sunansa Bajari, a boko kuwa G. P. Bargery ake rubutawa. Hanyar da ya bi ya rarrabe kalmominmu masu kama da juna, ita ce za ta fisshe mu wajen rarrabe nasu.

ASALINSA DA ZUWANSA

An haifi George Percy Bargery a birnin Exeter, a kudu maso yammacin Ingila, ran 1 ga watan Oktoba, 1876. A cikin wannan shekara ce kuwa wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ya buga ƙamusunsa na Hausa a Landan. Shi Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya tsinci harshen ne a bakin Hausawan da ya tarar a Saliyo da bakin Kwara, daga baya kuma a bakin wani yaro mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai.

Bajari ya yi karatu a garinsu, sa'an nan ya shiga kwalejin 'yan mishan na C.M.S. a Landan, aka naɗa shi limamin Kirista. A 1900 suka aiko shi Nijeriya. A shekarar ce wani ayarin 'yan mishan ɗin, su Bishop Tugwell da Likita Mila, suka shiga birnin Kano a zamanin Sarki Alu, Sarki ya ƙi ba su wurin zama, ya umurce su su fita daga ƙasarsa, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Bajari ba ya cikin wannan ayari, amma daga baya ya yi aiki tare da Likita Mila a wannan nahiya, a nan ya fara jin Hausa daga bakin masu ita. Ya yi wajen shekara goma a kan wannan aiki, har rashin lafiya ya kama shi, aka mai da shi gida a 1910.

Da ya sami sauƙi sai ya komo a 1912, amma wannan karon ba da rigar mishan ba, ma'aikacin gwamnati ne a sashen ilimi. Lokacin nan sashen jariri ne, don kuwa a 1909 ne Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a bayan ganuwar Kano. Aka tura Bajari ƙasar Binuwai, ya buɗe makarantar gwamnati a cikin Tibi. Aikin malanta ya koya masa abin da kowane malamin makaranta ya sani, watau yaro yakan haddace kalma sarai, ya rubuta ta daidai, amma bai san inda ta dosa ba.

AN ƊORA MASA KAYA

A wannan zamani Turawan mulki na koyon Hausa dole, don sai sun ci jarrabawarta suke samun ci gaba a aiki. Littafin da suka dogara a kai shi ne ƙamusun C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen 1894 ya yi wajen wata uku, ya koma ya buga littafinsa a 1899 da 1900. Akwai kuma na Bajamushen nan Adam Mischlich na 1906. Waɗannan mutane sun yi ƙoƙari gwargwadon halinsu, amma aikin mulki da shari'a da makarantu ya fi ƙarfin littattafansu. Alhali kuwa da Hausa En'e ke tafiyar da mafi yawan aikinta, wasiƙu na kai da komo tsakanin fada da ofishin Razdan, kowace kuwa sai an juya ta daga wannan harshe zuwa wancan.

Saboda haka a 1921 Gwamna Sir Hugh Clifford ya zaɓi Bajari ya ɗora masa aikin tsara sabon ƙamus na Hausa, cikakke. Ya ɗauki Hausar Kano ta zama ma'auni. Ka ga ikon Allah, birnin da ya rufe wa mutanensa ƙofa a 1900, shi ne bayan shekara 21 ya zama makarantarsa, shi kuwa ya zama almajiri.

Zaɓen Kano ba a banza aka yi shi ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take ci, fatake na kawo mata kaya da kalmomi daga Gwanja da Barno da Agadas da Tarabulus. Mai neman kalmomin rini ga marinar Ƙofar Mata. Mai neman na jima da dukanci da ƙira da saƙa, kowace sana'a ga unguwarta a cikin ganuwa. Mai neman na sarauta ga fada, mai neman na shari'a ga zauren alƙali, mai neman na ilimi ga malaman Madabo. Jirgin ƙasa kuma ya iso tun 1911, ya zo da nasa sababbin kalmomi. Bajari ya zauna da malamai Hausawa shekara da shekaru, ana ɗaukar kalma ɗaya ɗaya ana juya ta. Bai tsaya Kano kaɗai ba, ya zaga sauran ƙasashen Hausa, shi ya sa in ka buɗe littafinsa za ka ga ya sa wa kalmomi alama, wannan ta Katsina ce, wannan ta Sakkwato, wannan ta Zazzau, wannan ta Gobir ko Haɗeja. Wani hafsa mai kaifin kunne, Kyaftin R. C. Abraham, ya taya shi aikin har wajen shekara biyu.

ABIN DA KUNNENSA YA JI

Babbar wahalar da ya tarar ita ce kalmomin da Bature ke ji kamar ɗaya ne, alhali kuwa biyu ne ko uku. Kashi na farko su ne masu bambancin baƙi, kamar kafa da ƙafa, bari da ɓari, baki da baƙi. Schön bai raba waɗannan ba, don babu irinsu a harsunan Turai. Kashi na biyu su ne masu bambancin jan wasali, kamar gari na mutane da gari na tuwo. Kashi na uku, wanda ya fi duka ɓuya, su ne masu bambancin hawa da saukar murya. Wuya na jiki murya takan fara sama ta sauko, wuya ta wahala kuwa takan fara ƙasa ta hau. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya.

Mu da muka sha harshen a nono ba mu ko lura da wannan, amma dubi abin da yake haifarwa a takarda. In aka rubuta cewa Sarki ya ce ya tafi, me ake nufi? In an ja wasalin ya na biyu, mutumin ya riga ya tafi, ba ya nan. In an gajarta shi aka sauke murya, umurni ne, mutumin yana nan, ana so ya tashi. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna. Ƙamusun da suka riga na Bajari ba su nuna hawa da saukar murya ba. Shi ne ya bi kalmomin ya sa wa kowace alamar muryarta da tsawon wasalinta. Daga nan ya kafa wa kansa ƙa'idar da ta bi littafin tun daga farko har ƙarshe: kalma ba ta sanuwa ita kaɗai, sai an ajiye ta kusa da mai kama da ita, an sa kowace a cikin magana, an ga inda suka rabu.

ARO DA RANCE

To, ga inda wahalarsa da tamu suka haɗu. Bature ya zo da kalmomi biyu a kansa, borrow da lend. Ta farko karɓa, ta biyu bayarwa, ba su ko yi kama ba. Da ya nemi takwarorinsu a Hausa sai ya tarar da saiwa ɗaya tak. Audu ya ari doki, watau ya karɓa. Audu ya ara wa Garba doki, watau ya bayar. Wasalin ƙarshe da 'yar kalmar nan wa su kaɗai suka juya maganar. Haka ya ranci kuɗi da ya ranta masa kuɗi. Haka ya koyi karatu da ya koya masa karatu, ya sayi rago da ya sayar da rago, ya auri yarinya da ya aurar da yarinya. Dole mai ƙamus ya jera kowace siga da ma'anarta da misalinta, in ba haka ba Baturen da ya dogara da shi zai ba da doki alhali karɓa ya yi nufi.

Bahaushe mai koyon Turanci kuwa sai abin ya juye masa. Tun da saiwa ɗaya ya saba da ita, sai ya kama borrow ya riƙe, ya yi ta aiki da ita gaba da baya. Shi ya sa za ka ji yaro ya ce wa ɗan'uwansa borrow me, yana nufin ara mini, alhali lend me ya kamata ya ce. Dabarar rabewa mai sauƙi ce: borrow abokiyar tafiyarta from, don daga hannun wani abin ya fito, lend kuwa abokiyarta to, don zuwa hannun wani za shi. Haka learn da teach. Almajiri shi ke learn, malami shi ke teach.

Kada kuwa wani ya zaci Turanci ya fi Hausa rarrabewa. Kowane harshe da inda ya kafa shingensa. Mu mun raba aro da rance: aro shi ne abin da za a komo da shi shi kansa, kamar doki ko tabarma, rance kuwa madadinsa ake biya, kamar kuɗi ko hatsi. Bature bai raba waɗannan ba, duk borrow ne a wurinsa. Shi ya dubi inda abin ya nufa, mu mun dubi irin abin.

Mafi hatsari a cikin wannan dangi ita ce kalmar owe. A Hausa mai kuɗi shi ke aikata aikin, mukan ce ina bin Audu bashi. A Turanci kuwa wanda ya ci bashin shi ke aikatawa. Saboda haka I owe Audu ba ina bin Audu ba ne, Audu ke bi na. Akawun da ya fassara wannan kalma bayan kalma ya ɗauke bashi daga wuyan mai shi ya rataya wa mai kuɗi. Mai bin bashi shi ne creditor, wanda ake bi shi ne debtor.

TAGWAYEN TURANCI

In muka ari hanyar Bajari muka auna kalmomin Turanci da ita, za mu ga masu ruɗarwa sun kasu kashi-kashi, kowane kashi da dalilinsa.

Akwai masu rabuwa a wutsiya. Employer shi ne mai ɗaukar ma'aikaci, employee shi ne ma'aikacin. Payer mai biya, payee wanda ake biya. Lessor mai ba da hayar fili ko gida, lessee mai karɓa. Mai ƙarewa da er ko or shi ke yi, mai ƙarewa da ee shi ake yi wa. Wannan wutsiya ta ee daga Faransanci ta shigo, don bayan Normawa sun ci Ingila a 1066 an daɗe ana shari'a a can da harshensu. Shi ya sa ta fi yawa a takardun kotu da na kuɗi, inda kuskure ya fi tsada.

Akwai masu rabuwa a ka. Waɗannan daga Latin suke, inda ex ke nufin waje, in ko im ke nufin ciki. Gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala a Kano ana kai ta Ikko a jirgin ƙasa don a fitar, export ce. Gishiri da akoko da ke shigowa daga Turai, import ne. Include a haɗa da, exclude a ware. Emigrant mai barin ƙasarsu, immigrant mai shigowa wata ƙasa, mutum ɗaya ne kuwa, ya danganta ga inda mai magana ya tsaya. Kusa da waɗannan akwai prescribe da proscribe, wasali ɗaya ya raba su: ta farko likita ya rubuta magani a sha, ta biyu hukuma ta haramta abu.

Akwai masu yaudara, waɗanda sukan karya ƙa'idar da malami ya koyar jiya. An gaya wa yaro in an sa in a gaban kalma ta koma kishiyarta, kamar correct da incorrect. Gaskiya ne, amma ba kullum ba. Valuable abu mai daraja, invaluable kuwa ba marar daraja ba ne, wanda darajarsa ta wuce a ƙiyasta ne. Marar daraja shi ne valueless ko worthless. Priceless ma yabo ne, abin da kuɗi ba su saye. Famous sananne, infamous kuwa sananne da mugun hali. Wadda ta fi duka mugunta ita ce inflammable, wadda akan rubuta a jikin tankar mai da garwar fetur. Mai karatu na iya zaton ba ya kama wuta ake nufi, alhali ita da flammable ma'anarsu ɗaya, abu mai saurin kamawa. A nan kuskure ba na kuɗi ba ne, na rai ne.

Akwai masu fuska biyu. A zamanin En'e, in an rubuta cewa Razdan ya ba da sanction a kan kashe waɗansu kuɗi, izini ya bayar. Amma in Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa wata ƙasa sanctions, takunkumi ne. Oversee a lura da aiki, overlook kuwa a tsallake abu ba a gani ba, sa'an nan oversight ta haɗa ma'anonin biyu. Irin waɗannan ba abin da ke warware su sai maganar da ke kewaye da su, kamar dai ya tafi ɗin nan tamu.

Akwai kuma waɗanda ba su yi kama ba ko kaɗan, amma don kullum tare ake koyar da su sai su sarƙe a ka: debit da credit, surplus da deficit, watau rara da giɓi, plaintiff mai ƙara da defendant wanda ake ƙara, acquit a wanke mutum da convict a same shi da laifi, former na farkon ambato da latter na bayan.

Daga ƙarshe ga i da a'a, waɗanda kowa ke tsammanin ya sani. In aka tambayi Bahaushe, ba ka biya haraji ba? sai ya ce i, yana nufin haka ne, bai biya ba. Bature kuwa in bai biya ba no zai ce, yes a wurinsa na nufin ya biya. Tafintan da ya juya i ɗin nan ya ce yes, ya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba a gaban mai shari'a. Maganinta a fassara jimlar duka, kada a tsaya kan kalma ɗaya.

LITTAFI YA FITO

Bajari ya bar aikin gwamnatin Nijeriya a 1930, ya koma Landan da tulin takardunsa ya ci gaba da tacewa da tsarawa. A 1932 matarsa ta fari ta rasu, aikin bai ƙare ba. Sai a 1934 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga littafin, shekara 13 ke nan daga ranar da aka ɗora masa kaya. Shafinsa ya haura 1,200, kalmomin da ke ciki wajen 39,000. Shaihin malamin nan na Jamus, Diedrich Westermann, ya rubuta bayani a kan Hausawa da harshensu aka sa a gaba. A bayan littafin kuma akwai jerin kalmomin Turanci da takwarorinsu na Hausa.

Wanda ya buɗe shi zai ga aikin haƙuri. Ga sunayen itatuwa da tsuntsaye da launin dawaki da irin tufafi, ga kirari da karin magana, ga kalmomin da tun a wancan lokaci tsofaffi kaɗai ke faɗa. A ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai ya jera kalmomi fiye da 100 masu nuna girman jiki. Littafin ya fito a kan kari, don a lokacin ne Hukumar Talifi ta Zariya, a hannun Dokta R. M. East, ke fitar da littattafan hira na farko a boko, ba a jima ba kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu, 1939. Masu rubutun boko sun sami madogara.

Jami'ar Landan ta ba shi digirin Dokta a 1937 saboda wannan aiki. Ya zauna yana koyar da Hausa a makarantarta ta harsunan Gabas da Afirka har 1947, Turawa da yawa masu zuwa aiki Arewa a hannunsa suka fara jin sannu da aiki. F. W. Parsons, wanda ya ci gaba da koyar da Hausa a wannan makaranta, shi ne a 1960 ya tsara sigogin aikatau na Hausa aji-aji, ya bayyana ƙa'idar da ta raba ari da ara, sayi da sayar.

KOMOWARSA KANO DA RASUWARSA

Mutum ya kai shekara 76, matarsa ta biyu ta rasu a 1952, ai sai hutawa. Amma a 1953 Bajari ya sake ɗaura kaya ya komo Kano, don ya shugabanci gyaran fassarar Littafin Baibul na Hausa wanda aka buga a 1932. Kanon da ya tarar ba wadda ya bari ba ce. Ga famfo da lantarki, ga sabon Masallacin Juma'a kusa da gidan Sarki, ga jiragen sama na sauka. A ƙarshen shekarar Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, Sarki Muhammadu Sanusi ya gaje shi. Harshen ma ya ƙaru, maganar jam'iyya da zaɓe da ƙuri'a ta cika gari, har a 1955 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa hukumar kula da harshen Hausa, don daidaita rubutu da tace baƙin kalmomi.

Ya yi shekara huɗu a kan wannan aiki, ya koma Ingila a 1957, aka ba shi lambar girma ta O.B.E. A ƙarshen rayuwarsa ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Ya rasu a gidan ɗansa a Ingila ran 2 ga watan Agusta, 1966, saura wata biyu ya cika shekara 90.

ABIN DA YA BARI

Waɗanda suka zo bayansa a kan harsashinsa suka ɗora. Abraham, tare da Malam Mai Kano, ya fitar da nasa ƙamus a 1949. Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a 1965. A 1977 cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke Kano ta fitar da Sabon Kamus na Hausa zuwa Turanci, aikin Paul Newman da Roxana Ma Newman da abokan aikinsu Hausawa. A 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga na Bajari da ƙarin da Skinner ya yi masa. A 2006 kuwa Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, aikin 'ya'yan harshen da kansu.

Littafin Bajari ba ya rasa aibu. Jerin Turancin da ke bayansa gajere ne, don an yi shi ne domin Bature mai neman Hausa, ba domin Bahaushe mai neman Turanci ba. Waɗansu kalmominsa sun tsufa, dubbai kuma sun shigo bayansa. Sa'an nan malaman Hausawa da suka zauna da shi suna ba shi harshensu, sunansu bai yi tashe kamar nasa ba, alhali ba domin su ba da littafin bai samu ba. Ya kamata a riƙa tunawa da su duk sa'ad da aka ambace shi.

Amma hanyarsa ba ta tsufa ba, kuma ba ta bukatar shekara 13. Akawu ya sami ɗan littafi ya ajiye a aljihun tebur. Duk ran da ya gamu da kalma mai abokiyar tagwaitaka, ya rubuta su biyun a shafi ɗaya, kowace da jimlarta, ya sa Hausar kowace a gabanta. Kafin ya sa hannu a takardar da ta shafi kuɗi ko shari'a, ya tambayi kansa abu biyu: wa ya yi, wa aka yi wa? Daga hannun wa, zuwa hannun wa? Malamin makaranta kuma kada ya koyar da borrow yau ya bar lend sai wani mako. Ya kawo su tare, ya kira yara biyu gaban aji, ya ba ɗaya littafi ya miƙa wa ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Wanda ya yi shakka kuwa ya buɗe ƙamus, ko ya tambayi na gaba da shi, ba abin kunya ba ne. Bajari da furfurarsa da digirinsa bai daina tambayar malaman Kano ba, matambayi kuwa ba ya ɓata. Allah ya sa mu dace.